Jamhuriyar Nijar a Shekarun Farko na 'Yancin Kai: Gadon Raba Ƙasar Hausa da Wahalar Gina Sabuwar Ƙasa

Jamhuriyar Nijar ta samu 'yancin kai daga Faransa ranar 3 ga Agusta, 1960, kimanin wata biyu kafin Najeriya ta samu nata daga Birtaniya. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, wadda Hamadar Sahara ta cinye mafi yawanta, kuma ba ta da gaɓar teku ko kaɗan. A lokacin, al'ummarta kimanin mutum miliyan uku ce, mafi rinjayensu Musulmi, kuma kusan dukkansu suna zaune ne a siririn yankin kudu da ke samun ruwan sama, daga kwarin Kogin Neja zuwa Tafkin Chadi.

Sabuwar ƙasar ta gaji rabo iri biyu. Na farko shi ne wanda Birtaniya da Faransa suka yi tsakanin 1890 da 1906, lokacin da suka ja layi a tsakiyar ƙasar Hausa da ta Borno. Na biyu shi ne rushewar tarayyar ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Faransa a ƙarshen shekarun 1950, wadda ta bar kowane yanki da ɗaukar nauyin kansa. Yawancin matsalolin da gwamnatin Shugaba Diori Hamani ta fuskanta daga 1960 zuwa 1974 suna da tushe a waɗannan rabe-rabe guda biyu.

Yadda aka ja iyakar

Kafin zuwan Turawa, babu wani layi da ya raba Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, ko Sakkwato da Birnin Ƙonni irin wanda aka sani yau. Akwai dai gaba ta siyasa. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, zuriyar sarakunan Katsina na dauri sun koma arewa suka kafa Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Har yanzu sarautar Maraɗi tana amsa sunan Sarkin Katsina, ta Tsibiri kuma Sarkin Gobir. Waɗannan masarautu sun shafe ƙarni na 19 suna gwabzawa da Daular Usmaniyya, amma fatauci da auratayya da neman ilimi ba su taɓa tsayawa tsakanin ɓangarorin ba.

A watan Agustan 1890 ne Birtaniya da Faransa suka amince da layin farko, wanda ya tashi daga garin Say a bakin Kogin Neja zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi, bisa sharaɗin cewa duk ƙasar da ke ƙarƙashin Sakkwato za ta faɗa hannun Birtaniya. Babu ɗaya daga cikin ƙasashen biyu da ke da iko da yankin a lokacin. Yarjejeniyar Yunin 1898 ta sake fasalin layin, inda aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Da Faransawa suka shigo a zahiri, sai suka tarar hanyar da aka bar musu tsakanin Kogin Neja da Damagaram ta bi ta busasshiyar ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi.

Wannan ne ya sa suka nemi gyara. A yarjejeniyar Afrilun 1904, Birtaniya ta yarda a matso da layin kudu, Faransa kuma ta janye daga wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland da ke Arewacin Amurka. Hujjar da Faransawa suka riƙe ita ce, Maraɗi da Gobir da Damagaram ba su taɓa zama ƙarƙashin Sakkwato ba. An kammala yarjejeniyar ƙarshe a watan Mayun 1906, sannan tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Birtaniya ta bi ƙasa tana kafa alamomin iyaka daga 1906 zuwa 1908. Iyakar da ta fito daga wannan aiki tana da tsawon kimanin kilomita 1,500. A wurare da dama ta bi tsohon fagen daga na ƙarni na 19, amma ta raba gonaki da burtalai da kasuwanni da dangi.

Abin da mulkin Faransa ya bari

Shigar Faransa yankin ta zo da zubar da jini. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙona garuruwa da dama, ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, ta kuma gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A wannan shekara ce Damagaram ta faɗi. Yankin ya zauna ƙarƙashin mulkin soja har 1922, lokacin da aka mayar da shi cikakken yankin mallaka, bayan an murƙushe boren da Kawsan ya jagoranta a Agadas da duwatsun Azbin a 1916 zuwa 1917.

A 1926 aka ɗauke hedikwata daga Damagaram aka kai ta Yamai, can yamma a ƙasar Zabarmawa, kimanin kilomita 900 daga tsohuwar hedikwatar. Daga cikin dalilan da ake bayarwa akwai ƙarancin ruwan sha a Damagaram, da kuma kusancinta da Kano, wadda ke jan hankalin 'yan kasuwa da malamai zuwa ɓangaren Ingilishi. Sakamakon haka, makarantun boko da guraben aikin gwamnati suka fi taruwa a yamma, alhali gyaɗa da yawan jama'a da harajin da ke riƙe da gwamnati suna tsakiya da gabas, inda Hausawa da Barebari suka fi yawa.

Salon mulkin ɓangarorin biyu ma ya bambanta. Birtaniya ta bar wa sarakunan Arewacin Najeriya baitulmali da kotunan alƙalai da 'yan doka. Faransa ta mayar da nata sarakunan tamkar ƙananan ma'aikata masu karɓar haraji da tara mutanen aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Nauyin haraji da aikin tilas da yunwa, musamman ta 1931, sun kori dubban mutane zuwa kudu. Wasu sun zauna a ƙasar Katsina da Sakkwato da Kano, wasu kuma sun gangara cin rani har filayen haƙar kuza na Jos da Bukuru, inda leburori daga yankunan Faransa suka kasance cikin masu aikin ma'adinai. Tun kafin 'yancin kai, rayuwar talakan kudancin Nijar ta riga ta ɗaure da kasuwa da aikin ƙwadago na Najeriya.

Ƙuri'ar raba gardama ta 1958

Siyasar jam'iyyu ta fara a Nijar a 1946 da kafuwar jam'iyyar PPN, reshen babbar ƙungiyar RDA. Daga cikinta ne manyan abokan hamayya biyu suka fito, wato Diori Hamani da Djibo Bakary, dukkansu tsofaffin malaman makaranta. Bakary ya ware ya kafa tasa jam'iyyar, wadda jama'a suka sani da suna Sawaba, ta kuma samu karɓuwa wajen leburori da direbobi da ƙananan 'yan kasuwa, musamman a garuruwan gyaɗa irin su Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Bayan dokar 1956 da ta bai wa yankunan Faransa ikon gudanar da wasu harkokinsu, Sawaba ta ci zaɓen 1957, Bakary ya zama shugaban gwamnatin 'yan ƙasa ta farko.

Ranar 28 ga Satumba, 1958, Janar Charles de Gaulle ya sa yankunan Faransa zaɓi tsakanin zama cikin sabuwar ƙungiya da Faransa ko kuma 'yancin kai nan take ba tare da tallafi ba. Bakary ya yi kira da a ce a'a, kamar yadda Sekou Toure ya yi a Gini. Faransa ba ta shirya rasa Nijar ba, domin tana iyaka da Aljeriya inda ake yaƙin neman 'yanci, kuma a 1957 an gano yuraniyom a Azelik. An turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, hukuma ta sa ƙarfinta a bayan masu cewa i, sarakuna da dama kuma suka juya wa Bakary baya. Sakamakon da aka bayyana ya nuna kimanin kashi 78 cikin 100 sun ce i, kodayake waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai rabin masu rajista ba. Sawaba ta yi zargin maguɗi.

Bakary ya sauka, aka yi sabon zaɓe a Disamba, aka ayyana jamhuriya ranar 18 ga Disamba, 1958, Diori ya karɓi gwamnati. A watan Oktoban 1959 aka haramta Sawaba. Ta haka Nijar ta shiga 'yancin kai da jam'iyya ɗaya, yayin da jam'iyyar da ta ci zaɓe shekara uku kacal kafin nan take ɓoye ko gudun hijira. Iko ya taru a hannun mutum uku daga yammacin ƙasar: Diori a fadar shugaban ƙasa, Boubou Hama a shugabancin majalisar dokoki, da Diamballa Maiga a ma'aikatar harkokin cikin gida.

Gwamnati ba ma'aikata

A zamanin mulkin mallaka Nijar da maƙwabtanta na Faransa sun dogara da Dakar, hedikwatar tarayya, wajen manyan makarantu da kotun ɗaukaka ƙara da rabon kuɗin kwastan. Da tarayyar ta rushe, yankuna masu arziki irin su Kwaddebuwa suka riƙe kuɗinsu, matalauta kuma suka rasa kasonsu. Nijar ta shiga wata ƙaramar ƙungiyar ƙawance da Kwaddebuwa da Dahome da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau a watan Mayun 1959, amma kasafin kuɗinta ya ci gaba da jingina da tallafin Faransa da harajin kai da jangali.

Babbar matsalar ita ce rashin ma'aikata. A lokacin 'yancin kai, yaran da ke makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta a Afirka. Ƙasar ba ta da jami'a. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973, ake kuma kiranta Jami'ar Abdou Moumouni a yau. Manyan kujerun ma'aikatu suna hannun Faransawa masu ba da shawara, yayin da akawu da malaman makaranta da ma'aikatan gidan waya da na asibiti da yawa 'yan Dahome ne da Togo da Senegal.

Akwai dubban malamai da almajirai masu karatu da rubutu da Larabci da ajami, sai dai harshen aikin gwamnati Faransanci ne, don haka iliminsu bai buɗe musu ƙofar ofis ba. An fara ƙoƙarin haɗa karatun biyu da makarantar Larabci da Faransanci ta Say a 1957. A 1964 kuma gwamnati ta gwada koyar da yaran firamare ta talabijin domin cike giɓin malamai, gwajin da ya ja hankalin duniya amma bai kai ga yawancin ƙauyuka ba.

Tsibirin Lete da neman hanyar teku

Ƙasar da ba ta da teku dole ta roƙi hanya wajen maƙwabta. Nijar ba ta gaji ko taku ɗaya na layin dogo ba. Hanya mafi sauƙi ga Maraɗi da Damagaram ita ce ta Najeriya, domin jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, ya kai Kaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Maraɗi ba ta kai kilomita 100 daga Katsina ba, alhali tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta fi kilomita 1,000 daga Yamai kanta. Duk da haka, tun shekarun 1950 Faransa ta riƙa ba da rangwame domin karkatar da kaya ta Dahome, inda manyan motoci ke kai su Parakou a ɗora wa jirgin ƙasa zuwa Kwatano. A 1959 aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa tsakanin Nijar da Dahome domin wannan hanya.

Raunin wannan tsari ya bayyana a ƙarshen 1963. Nijar da Dahome suna jayayya kan tsibirin Lete da ke tsakiyar Kogin Neja, inda makiyaya Fulani daga Nijar da manoma daga Dahome ke amfani da ƙasa ɗaya. A zamanin Faransa iyakar ta cikin gida ce, ba wanda ya damu da tantance ta. Bayan an hamɓarar da Shugaba Hubert Maga, aminin Diori, a watan Oktoban 1963, dangantaka ta yi tsami. Nijar ta kori 'yan Dahome da ke aiki a ƙasarta, Dahome kuma ta rufe mata hanyar Kwatano. Cikin ɗan lokaci Nijar ta rasa ƙwararrun ma'aikata da yawa, kayanta kuma suka maƙale a tasha. An sasanta a 1965, amma batun mallakar tsibirin bai ƙare ba sai ranar 12 ga Yuli, 2005, lokacin da Kotun Duniya da ke Hague ta yanke hukuncin cewa na Nijar ne.

A cikin gida ma sufuri ya kasance babban aiki. Yamai ba ta samu gada a kan Kogin Neja ba sai a 1970, da aka buɗe Gadar Kennedy; kafin nan da jirgin fito ake ƙetarewa.

Gyaɗa da kuɗi iri biyu

A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga kayan da take fitarwa, dabbobi na biye da ita. Domin karɓe cinikin daga hannun kamfanonin Turawa, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA na sayen gyaɗa a 1962, da Copro-Niger na shigo da kayan masarufi, da ƙungiyar UNCC ta bashi da haɗin kan manoma. Faransa ta daɗe tana sayen gyaɗar a farashin da ya fi na kasuwar duniya, amma bayan tsakiyar shekarun 1960 aka janye wannan gata saboda dokokin kasuwar tarayyar Turai. Kuɗin da manomi ke samu ya ragu, haraji kuma bai ragu ba.

Iyakar ta ƙara dagula lissafi. Nijar na amfani da sefa, wadda ke ɗaure da kuɗin Faransa, Najeriya kuma na amfani da fam da sule har zuwa Janairun 1973 da aka fito da naira. Duk shekarar da farashin gyaɗa ya fi kyau a Kano, buhuna sai su bi dare su gangara kudu. Idan ya fi kyau a Maraɗi, sai su hauro arewa. Haka shanu da wake da atamfa da man fetur da taba sigari. Jami'an kwastan na kiran wannan fasa-ƙwauri, mazauna bakin iyaka kuma suna ganin fataucin da suka gada ne. Daga wannan ciniki ne manyan alhazan Maraɗi suka bunƙasa, tare da abokan hulɗarsu na Kano da Katsina da Jibiya, bisa amana da zumunci fiye da takarda. Gwamnati ta yi asarar kuɗin shiga, amma cinikin ya ciyar da yankunan da ba ta iya kai wa kaya.

Boren Sawaba

Magoya bayan Sawaba da aka fatattaka sun bazu a Mali da Gana da Arewacin Najeriya. Kano ta zama musu mafaka, saboda kusanci da kuma alaƙarsu da jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda ita ma take amfani da kalmar sawaba a matsayin take tun 1950. A ɗaya ɓangaren, gwamnatin Diori da ta NPC a Kaduna duk sun jingina da sarakuna, kuma suna kallon 'yan adawar juna da ido ɗaya.

Rundunar sojan Nijar sabuwa ce, an kafa ta ne a watan Agustan 1961, kuma a Disambar 1963 ta fuskanci yunƙurin bore daga wani kyaftin ɗinta. Tsaron gwamnati ya dogara ne da yarjejeniyar da aka ƙulla da Faransa a watan Afrilun 1961, wadda ta bar sojojin Faransa a ƙasar, ta kuma ba Faransa fifiko kan ma'adinai masu muhimmanci ga tsaro.

A ƙarshen damina ta 1964, ƙananan rukunonin mayaƙan Sawaba, waɗanda wasunsu suka samu horo a Sin da Aljeriya da Gana, suka kutso ta kan iyakoki da dama da fatan jama'a za su tashi su mara musu baya. Hakan bai faru ba. Sojoji da jandarmomi da 'yan bangar jam'iyya mai mulki suka murƙushe su cikin makonni, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka tsare mutane masu yawa. A watan Afrilun 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a wurin sallar Babbar Sallah a Yamai da nufin kashe Diori, amma shugaban ya tsira. Faɗuwar Kwame Nkrumah a 1966 ta raba jam'iyyar da babban mai ɗaukar nauyinta. Daga nan gwamnati ta ƙara ƙuntata siyasa, Diori ya tsaya takara shi kaɗai a 1965 da 1970.

Addini, sarauta da mutanen Sahara

Duk da rinjayen Musulmi, kundin tsarin mulkin Nuwamban 1960 ya bi tsarin Faransa na raba addini da gwamnati. Hukuma ta riƙa sa ido kan malamai da ɗariƙu, musamman masu alaƙa da Kano da ƙasashen Larabawa, al'adar da ta gada daga Turawan mulki. A waje kuma Diori ya nemi kusanci da duniyar Musulmi: Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1969, kuma a taron ƙungiyar na Lahore a 1974 aka yanke shawarar gina jami'ar Musulunci a Nijar, wadda aka buɗe a Say a 1986. Shi ne kuma ya karɓi baƙuncin taron Yamai na Maris 1970 da ya haifar da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci.

A arewa, Abzinawa da Tubawa sun wayi gari iyakoki sun raba su tsakanin Nijar da Mali da Aljeriya da Libiya da Chadi. Daga 1957 zuwa 1962 Faransa ta gudanar da wata hukuma ta musamman ta yankunan Sahara, abin da ya sa wasu shugabannin makiyaya tunanin samun makoma dabam da ta kudu. Diori ya kafa ma'aikatar harkokin Sahara da makiyaya, ya ɗora Mouddour Zakara a kanta. Nijar ta kauce wa irin boren da ya ɓarke a arewacin Mali a 1963, amma koke-koken yankin sun sake tasowa da makami a shekarun 1990.

Yaƙin basasar Najeriya

Yaƙin 1967 zuwa 1970 ya sa Nijar cikin tsaka mai wuya. Faransa na tausaya wa Biyafara, Kwaddebuwa kuma, wadda ke jagorantar ƙawancen da Nijar ke ciki, ta amince da ita a matsayin ƙasa a 1968. Diori ya tsaya tare da gwamnatin tarayya ta Janar Yakubu Gowon, ɗan asalin Jihar Filato ta yau. Dalilin a bayyane yake: abincin kudancin Nijar da kasuwar dabbobinta da dangin rabin al'ummarta suna Arewacin Najeriya. Diori na cikin shugabanni shida na kwamitin sulhu na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, kuma a Yamai aka yi zaman share fagen tattaunawa a watan Yulin 1968.

Bayan yaƙin, ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971 mai hedikwata a Yamai. Daga 1976 wutar lantarki ta madatsar Kainji ta fara isa Yamai ta Birnin Kebbi. Tun 1964 dama suna tare a Hukumar Tafkin Chadi da ta Kogin Neja.

Yuraniyom, fari da juyin mulkin 1974

An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. Mafi yawan hannun jari da ikon sa farashi suna wajen Faransa. Bayan tashin farashin man fetur a 1973, Diori ya nemi a sake duba farashin, yana mai cewa darajar makamashin nukiliya ta ƙaru. Ana cikin wannan tattaunawa Shugaba Georges Pompidou ya rasu ranar 2 ga Afrilu, 1974.

A daidai wannan lokaci ƙasar na cikin farin da ya fara tun 1968 ya kuma tsananta a 1973. Amfanin gona ya lalace, garkuna suka ƙare, makiyaya suka cika sansanoni a gefen Yamai da sauran garuruwa, wasu suka ƙetara Sakkwato da Katsina da Kano. Ɗalibai da malaman makaranta sun yi ta yajin aiki, ana kuma zargin wasu manyan jam'iyya da karkatar da hatsin agaji. Ranar 15 ga Afrilu, 1974, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kountche suka kifar da gwamnati. An kashe uwargidan shugaban, Aissa Diori, a daren juyin mulkin. Diori ya yi shekaru a tsare, ya rasu a Rabat ta Maroko a 1989. Bakary ya dawo gida a 1974, aka sake tsare shi a shekara mai zuwa, ya rasu a 1998.

Kwatanci da Pakistan, da halin da ake ciki

Masu nazarin tarihi kan kwatanta irin wannan farawa da ta Pakistan, wadda aka yanko daga Indiya ranar 14 ga Agusta, 1947. Ita ma ta fara da ƙarancin ma'aikata da kuɗi, da jayayyar iyaka a Kashmir, da ɓangarori biyu masu nisan kimanin kilomita 1,600 a tsakaninsu. Ba ta samu kundin tsarin mulki ba sai 1956, soja suka karɓi mulki a 1958, gabashinta kuma ya ɓalle ya zama Bangladesh a 1971. Bambancin shi ne, an kafa Pakistan ne da sunan addini, rabonta kuma ya jawo hijirar miliyoyin mutane da kashe-kashe. Rabon ƙasar Hausa Turawa ne suka yi shi saboda buƙatunsu, mutanen da ya raba kuma addininsu da harshensu ɗaya ne. Masanin nan William Miles ya nuna a littafinsa na 1994, bayan zama a ƙauyukan Yardaji na Najeriya da Yekuwa na Nijar, yadda makaranta da kuɗi da salon mulki suka bambanta maƙwabtan biyu ba tare da sun yanke zumuncinsu ba.

Alaƙar ta ci gaba ta hanyoyi da dama. Ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta samu mabiya a Maraɗi da sauran garuruwan Nijar cikin 'yan shekaru. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, takunkumin ECOWAS ya sa an rufe iyaka an kuma yanke wutar lantarki, abin da ya jefa kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari da takwarorinsu na ƙetare cikin matsi har zuwa Maris 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma a wannan shekara sabuwar dokar ƙasar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Batutuwan hanyar teku da farashin yuraniyom da tsaron iyaka, waɗanda gwamnatin farko ta yi fama da su, su ne har yanzu kan gaba a tattaunawar Yamai da maƙwabtanta.